Aikin canjin gwiwa da robot: ya fi na hannu da gaske ne?

Ummu_Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar wanda ya san harkar ko wanda aka taɓa yi wa nasa. Hajiyarmu ce, shekararta 68, ciwon gwiwa ya sa ta a gaba tun da daɗewa, da farko ta dama ce kawai yanzu har ta hagu ta ɗauka, ƙafar ma ta fara lanƙwashewa ta yi baka. In za ta tashi daga zaune sai an kama ta, in tana tafiya kana jin ƙarar ƙashin ƙurus ƙurus, sallah kuwa tuni ta koma kan kujera kuma wannan ya fi damunta fiye da ciwon kansa. Babu abin da ba mu gwada ba, man zafi, gashi, ƙaho, na gargajiya kala-kala, diclofenac har sai da ya fara taɓa mata ciki likita ya hana, an yi mata allura a cikin gwiwar ma ta ɗan samu sauƙi na wasu watanni sannan ya dawo kamar ba a yi ba.

Mun kai ta wajen likitan ƙashi ya sa aka ɗauki hoto tana tsaye, ya nuna mana yace guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye ƙarƙaf ta ɓangaren ciki, ƙashi ne ke gugar ƙashi, yace amosanin gaɓɓai ne irin na shekaru kuma ya kai inda magani ba zai dawo da shi ba sai dai a canza gwiwar, kuma yace ana yi a nan gida. Toh sai yayanmu da ke zaune a waje yace sam, wai duniya ta wuce nan, yanzu robot ke yin aikin a Indiya da Dubai da Masar, ya haɗa mu da wani ejan ya turo mana bidiyo ta WhatsApp ana nuna wata tsohuwa tana takawa a ranar da aka yi mata aikin, wai babu zafi babu kuskure kuma gwiwar har ƙarshen rayuwa. Kuɗin da ya faɗa mana in aka haɗa da biza da tikitin mutum biyu da masauki wlh sai mun sayar da filin da Baba ya bar mana kafin mu haɗa.

Ni ba filin ne damuwata ba, in dai shi ne zai sa ta miƙe a sayar. Abin da nake so in sani, shin robot ɗin ne ke yanka mutum da kansa ko likita ne? Kuma da gaske ya fi na hannu har da za a ɗauki tsohuwa mai hawan jini da ɗan suga a kai ta wata ƙasa? Ita kanta tsoro take ji, tace ita inji ba zai yanka ta ba. Dan Allah a taimaka da gaskiyar magana.

Dan_Gwammaja:

Wa alaikumus salam Maman Sadiq, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni dai shawarata in kuna da hali ku kai ta kawai. Mahaifina a Indiya aka yi masa da robot, a Delhi, ni na raka shi, kuma abin da idona ya gani shi zan faɗa. Kafin aikin sun yi masa hoton siti sikan, wato hoton da ke nuna ƙashi ta kowane ɓangare a kwamfuta, tun daga ƙugu har idon sawu, likitan ya kira mu ya nuna mana gwiwar Baba a kwamfuta yana juya ta ta kowane ɓangare, ya nuna mana inda za a yanke da girman ƙarfen da za a saka tun ba a shiga tiyata ba, gsky hankalina ya kwanta sosai da naga haka. Da safe aka shiga da shi, allurar baya aka yi masa ba a ma sa shi barci gaba ɗaya ba, washegari sai ga shi yana takawa da abin dogarawa ɗin nan mai ƙafa huɗu a barandar asibiti. Mutumin da sai a mota ake kai shi masallacin da ke bakin layinmu, yanzu da ƙafarsa yake zuwa har asuba.

Zafi kam akwai, duk wanda yace miki babu zafi ƙarya yake, satin farko Baba har cewa yake da ya sani da bai yarda ba. Amma ya wuce. Abu ɗaya da zan ja miki kunne a kai shi ne ejan, ku nemi asibitin da kanku ta imel su turo muku farashi a rubuce, domin da muka je muka tarar kuɗin da muka biya akwai kamashon mutane a ciki ba kaɗan ba. Kuma ki ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, likita na tsaye a wajen, ba wai inji ake bar wa mutum a fita ba.

Likitan_Kashi:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama sauƙi. Bari in ɗan yi bayani da tsawo ki yi haƙuri, domin bidiyoyin nan suna rikita mana mutane sosai a asibiti.

Farko shi aikin kansa. Mutane na zaton cire gwiwar ake yi ɗungurungum a saka ta ƙarfe, ba haka ba ne. Ana buɗe gaban gwiwar, a fere saman ƙarshen ƙashin cinya da na ƙwauri inda guringuntsin ya lalace, kaurin abin da ake yankewa yawanci bai wuce santimita ɗaya ba, sai a rufa wa na cinya hular ƙarfe, a ɗora wa na ƙwauri faranti, a saka wata roba mai tauri a tsakaninsu ita ce za ta tsaya a madadin guringuntsi, a liƙe ƙarafan da wani siminti na musamman na ƙashi. Wani lokaci a saka wa bayan ƙoƙon gwiwa roba shi ma. Shi ke nan. Irin wannan aikin tun shekarun 1970 ake yin sa a duniya, ba sabon abu ba ne. Wahalarsa tana wajen yankan, ya zama ƙafar ta miƙe daidai kuma jijiyoyin da ke riƙe da gwiwar ta gefe da gefe kada ɗaya ta yi tsauri ɗaya ta yi sako-sako. A na hannu muna da wasu ƙarafan awo da muke kafawa a jikin ƙashin su nuna mana inda zarto zai bi, har da wani dogon ƙarfe da ake zurawa cikin ramin ƙashin cinya don a samu saiti.

To robot a nan ya shigo, wajen awo da saiti kawai. Ba mutum-mutumi ba ne mai ido da hannu biyu, na'ura ce a kan tayoyi da hannu ɗaya da kamara da allon kwamfuta. Wanda ya fi suna shi ne Mako na kamfanin Stryker na Amurka, shi ne mai buƙatar siti sikan kafin aiki kamar yadda Malam Dan_Gwammaja ya bayyana, an fara yin rabin gwiwa da shi, wato canza ɓangare ɗaya kawai na gwiwar, tun 2006, na cikakkiyar gwiwa kuwa sai wajen 2017 ya bazu. Ana kafa wasu ƙusoshi a ƙashin cinya da na ƙwauri a ɗaura musu alamomi, kamara na kallon su tana sanar da kwamfuta inda ƙafar take a kowane motsi, zarton yana jikin hannun na'urar amma likita ke riƙe da shi yana turawa, in ya nufi wajen iyakar da aka shata sai ya cije ya tsaya. Akwai ROSA na Zimmer Biomet, shi kuma hannun nasa saita ƙarfen awon yake yi likita ya yanka da zartonsa. Akwai CORI na Smith+Nephew da VELYS na Johnson & Johnson, waɗannan ba sa buƙatar siti sikan, a cikin tiyata ake zana taswirar gwiwar. Akwai ma wani na Koriya ta Kudu, CUVIS, da ake amfani da shi a Indiya, wanda shi ke feƙe ƙashin da kansa bisa tsarin da likita ya ba shi, likitan na tsaye zai iya tsayar da shi a kowane lokaci. A dukkansu likita ne ke tsaga fata, shi ke tsara aikin, shi ke saka ƙarfe da siminti, shi ke ɗinkewa. Ki faɗa wa Mama haka. Kuma tsawon yankan da tabon kusan ɗaya ne, ƙarfen da za a saka mata ma irin wanda ake sakawa a na hannu ne, babu wata na'ura ko batir da za a bari a jikinta.

Yanzu tambayarki ta gaskiya, ya fi? A hoton eksire bayan aiki eh ya fi, wannan an tabbatar, yankan robot ya fi dacewa da abin da aka tsara, kuma ba kasafai ake samun ƙafar da ta kauce sama da digiri 3 ba. Wasu binciken ma sun nuna ɗan sauƙin zafi da saurin tashi a kwanakin farko. Amma in aka jira shekara ɗaya ko biyu aka tambayi marasa lafiyar ya zafi, ya tafiya, ya hawa bene, bambancin sai ya zama ɗan kaɗan ko babu. A Koriya ta Kudu an yi wani babban bincike da aka buga a 2020, an raba mutane gida biyu wasu robot wasu hannu aka bi su sama da shekara 10, ba a ga bambanci ba a amfanin gwiwar ko daɗewarta, ko da yake tsohon samfurin robot ne aka yi amfani da shi, sababbin ba su kai shekarun da za a yanke musu hukunci ba tukuna. Sannan alƙaluman da mujallar Lancet ta buga a 2019 sun nuna cikin gwiwoyi 100 da aka canza kusan 82 suna nan suna aiki bayan shekara 25, kuma waɗannan kusan duk da hannu aka yi su. Mai shekara 68 kin ga wannan lissafin ya ishe ta in sha Allah.

Maganar tsohuwar da ke takawa a ranar aiki, wannan ba robot ba ne ya jawo, allurar baya ce da allurar kashe zafi da ake yi a kewayen gwiwar da kuma tsarin tayar da mara lafiya da wuri, a na hannu ma haka ake yi yau ko gobe an miƙar da mutum. Maganar babu kuskure kuwa ban yarda a faɗa wa kowa haka ba. Kusan mutum 1 cikin 5 da aka canza wa gwiwa suna zama da wani ƙorafi, ko ɗan zafi ko tauri, kuma robot bai kawar da wannan ba har yanzu. Yana ma da nasa ƙananan matsalolin, wajen ƙusoshin nan kan iya yin ciwo, jefi-jefi ƙashi ya tsage ta wajen, kuma likitan da bai saba da shi ba aikin kan ɗauke shi lokaci mai tsawo. Keken ɗinki na lantarki yana ƙara wa gwanin tela kyan aiki, amma ba ya mai da ɗan koyo gwani. Na'urar kanta kuɗinta na kaiwa dala miliyan ɗaya ko fiye, asibitin da ya saya dole ya tallata ta don ya mai da kuɗinsa, ki sa wannan a ranki in kina kallon bidiyo.

Inda nake ganin yana da amfani na zahiri: in rabin gwiwa za a canza, domin shi wannan ɗan kuskure kaɗan na ɓata shi, ko wanda ya taɓa karaya a cinya ƙashin ya ɗore a karkace ko akwai tsohon ƙarfe a ciki da zai hana a zura ƙarfen awo. Gwiwar Mama yadda kika siffanta ta ita ce irin wadda aka fi gani kullum, ƙwararren likita zai yi ta da hannu lafiya lau. Asibitin ƙashi na Dala a nan Kano suna canjin gwiwa, haka na Igbobi a Legas da na Enugu, da wasu asibitocin koyarwa da masu zaman kansu.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan aikin ba saiti ba ne, ƙwayoyin cuta ne su shiga jikin ƙarfen. Yana faruwa ga mutum 1 zuwa 2 cikin 100, mai suga ya fi haɗari, kuma in ya faru ba maganin sha ke warkar da shi ba, sau da yawa sai an koma tiyata an wanke, wani lokaci a cire ƙarfen gaba ɗaya a yi makonni ana allurai sannan a sake sakawa. In a waje aka yi kuma fili ya riga ya tafi, wa zai ɗauki wannan?

Ummu_Sadiq:

Likita Allah ya saka da alheri, wlh ban taɓa samun wanda ya warware min haka ba, na karanta wa Hajiya tace toh in dai mutum ne ke riƙe da wuƙar da sauƙi. Malam Dan_Gwammaja ngd, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Saura abu biyu, ita babban burinta ta koma sujada a ƙasa ta yi zaman tahiya kamar da, ejan ɗin yace da robot za ta iya, shin haka ne? Sannan tunda duka biyun ne suka lalace, a yi su rana ɗaya ne ko ɗaya bayan ɗaya? Yayanmu yace a yi gaba ɗaya a huta tunda tafiya ɗaya ce.

Hajiya_Mai_Goro:

'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka, jikata ce ke rubuta min ina faɗa mata. Ni an canza min ta hagu a nan gida da hannu, ba robot ba, kuma alhamdulillah zafin nan da ke hana ni barci ya tafi, ina zuwa kasuwa ina zuwa biki ina hawa benen ɗana. Amma maganar sujada ki gaya wa mahaifiyarki gaskiya tun yanzu kada a yi mata alƙawarin da ba za a cika ba. Gwiwar tana lanƙwasuwa iya zama a kujera da shiga mota da hawa mataki, amma naɗe ta har dunduniya ta taɓa mazaunai irin na zaman tahiya ni dai ban samu ba, kuma yawancin waɗanda muke haɗuwa da su a wajen gashi haka suke. Akwai wata a cikinmu da take iya durƙusawa a kan katifa mai laushi, ita Allah ya ba ta, amma ba kowa ba. In na dafa gwiwar a ƙasa wani iri nake ji kamar ba tawa ba, gefen tabon ta waje ma har yau a mace yake ba na jin taɓi sosai, likita yace haka yake ga kusan kowa.

Yadda nake sallata yanzu, ina tsayuwa da ƙafata in yi karatu in yi ruku'u, sujada da zama sai in yi a kujera. Da kuwa ko tsayuwar ba na iyawa, kin ga an ci gaba. Na yi kuka a kan wannan da farko ba zan ɓoye miki ba, sai malaminmu na islamiyya ya karanto min hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Daga nan zuciyata ta sanyaya.

Kuma ku gyara gida tun kafin a yi aikin. Bayan gida na tsuguno ba zai yiwu ba, ku saka na zama ko ku sayo kujerar nan mai rami. In a ƙasa take kwana a kan katifa ku nemo gado mai ɗan tsayi. Kujerar tsuguno ta girki da ta alwala duk a ɗauke su, a samo mai tsayi. Tabarmi da ledar tsakar ɗaki masu santsi a naɗe, faɗuwa ita ce abin gudu. Sannan masu zuwa dubiya kowa da maganinsa, wannan yace a shafa kaza wancan yace a gasa da ruwan zafi, kada ku bari kowa ya taɓa mata wajen ɗinkin.

Mai_Gashin_Kashi:

Slm Maman Sadiq. Ni fiziyo nake yi, wato gashin ƙashi da motsa jiki, mu ake kawo wa mutane bayan an gama aikin, na gida da waɗanda suka dawo daga waje duk suna biyowa ta hannunmu, kuma in ba tabon ƙusoshin nan na gani a ƙwauri ba ko mutum ya faɗa da bakinsa wlh ba na iya bambance wanda robot ya yi wa da wanda aka yi wa da hannu. Abin da nake bambancewa nan take shi ne wanda ya yi motsa jikinsa da wanda aka lallaɓa a gado.

Mama Hajiya_Mai_Goro ta faɗi gaskiya kan sujada. Gwiwar da aka canza yawanci tana lanƙwasuwa digiri 110 zuwa 125, zaman tahiya kuwa yana neman wajen 150 ko fiye, kuma babban abin da ke nuna iya inda za ta kai bayan aiki shi ne iya inda take kaiwa kafin aiki, ba na'urar da aka yi yankan da ita ba. Wadda ta shekara da shekaru gwiwarta a sandare kada a ce mata za ta dawo kamar budurwa.

Matsalar da nake gani kullum ga iyayenmu ita ce tausayi. An dawo da Hajiya gida, 'ya'ya sun kewaye ta, wannan ya miƙo ruwa wancan ya kawo buta har gado, an cusa mata filo a ƙarƙashin gwiwa saboda ta fi jin daɗi a haka, in tace zafi sai a ce a bar ta ta huta, bayan wata biyu a kawo min ita gwiwa ta ƙi miƙewa ta ƙi lanƙwasuwa. Makonni shida na farko su ne komai, a lokacin ne naman cikin ke warkewa, in ya warke a takure haka zai zauna, wani lokaci sai an mai da mutum tiyata an sa shi barci an lanƙwasa gwiwar da ƙarfi, shi ma wannan a cikin watanni uku na farko ya fi yin amfani. Filo a ƙarƙashin dunduniya ake sawa don gwiwar ta miƙe, ba a ƙarƙashin gwiwa ba. Ƙanƙara a naɗe a tawul ake ɗorawa don kumburi, ba ruwan zafi ba. A ba ta maganin zafi kafin motsa jiki don ta iya yi. Ta riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa ko tana kwance, ta tashi ta taka kaɗan kaɗan sau da yawa a yini, wannan na taimakawa wajen hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa tare da maganin tsinka jini da za a rubuta mata. In kuka ga sha-raɓarta ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya fara yi mata wuya, ko wajen ɗinkin na fitar da ruwa ga zazzaɓi, a ranar za ku koma asibiti ba gobe ba.

Kuma tun yanzu ku fara, kada ku jira aiki. Ta riƙa miƙe ƙafa tana ɗagawa daga kwance don naman cinya ya yi ƙarfi, in tana da jiki ta rage, duk kilo ɗaya da ta sauke kamar ta sauke wa gwiwar kilo huɗu ne a kowane taku. In kun zaɓi waje ku nemi wanda zai ci gaba da yi mata gashi a nan tun kafin ku tashi, domin da yawa suna dawowa da takarda guda ɗaya mai hotunan motsa jiki shi ke nan babu mai bibiya. Warkewa sosai kuwa tana kai wata shida zuwa shekara, ki shirya wa hakan.

Dan_Gwammaja:

Likita ban musa maka ba kai ne a cikin harkar, amma ni fa abin da ya sa muka fita ba robot ɗin kaɗai ba ne, likitan da ya yi wa Baba kusan kullum wannan aikin yake yi, ga tsaftar ɗakin tiyata ga wuta ba ta ɗaukewa ga nas-nas a kanka dare da rana. Mu faɗi gaskiya wannan ma abin dubawa ne. Kuma Baba ma a kujera yake sujada, wannan kam haka ne, ejan ɗinku ya faɗi son ransa.

Likitan_Kashi:

Malam Dan_Gwammaja wannan maganar taka ita ce daidai kuma ban ƙi ta ba, likitan da ke yin aikin da yawa da asibiti mai tsafta su ne suka ba Baba abin da ya samu, kuma wanda ke da hali ya fita babu laifi ko kaɗan. Abin da nake ƙi shi ne a sayar da gado saboda kalmar robot.

Hajiya, kan yin biyun rana ɗaya, ana yi, amma an fi zaɓar wa masu ƙarfi da ba su da wata cuta, domin zubar jini ya fi yawa kuma nauyin da ke kan zuciya da haɗarin daskarewar jini sun fi. Mai shekara 68 da hawan jini da suga ni zan fi son a fara da wadda ta fi ciwo, a bar wata uku ko fiye a ga yadda ta tashi sannan a yi ɗayar, amma likitan da ya duba ta da mai ba da allurar barci su ne za su yanke. Kin ga in a waje ne wannan tafiya biyu ke nan, kuma ba a son mutum ya hau dogon jirgi da wuri bayan aikin, da yawan likitoci sai an yi makonni huɗu zuwa shida suke bari, ku saka kuɗin wannan zaman a lissafi.

Kafin komai a yi mata gwajin suga na wata uku, wanda ake kira HbA1c, in ya hau a saukar da shi tukuna ko da za a ɗage aikin. A duba ƙodarta tunda ta daɗe tana shan diclofenac, a duba yawan jininta da zuciyarta. In akwai ruɓaɓɓen haƙori ko ciwon fitsari ko wani gyambo a ƙafa a magance shi kafin a saka ƙarfe. Ki tuna yaushe aka yi mata allurar cikin gwiwa ta ƙarshe, in ta sitiroyid ce a bari wata uku su cika kafin tiyata. Kuma ku kai wa likita duk magungunan gargajiya da na kemis da take sha ya gani, wasu haɗe-haɗen ciwon gaɓɓai da ake sayarwa akwai dexamethasone a ciki, yana tayar da suga yana hana ciwo warkewa.

Duk inda kuka je, gida ko waje, ki tambayi likitan da bakinki gwiwa nawa yake canzawa a shekara, in robot ne tun yaushe yake aiki da shi, wane kamfani ne ya ƙera ƙarfen da zai saka kuma a ba ku takardar da ke ɗauke da sunansa da lambarsa ku adana, kuɗin ya haɗa da gashi da magunguna ko a'a, sannan in matsala ta taso bayan wata uku wa za ku kira. Ku koma wajen likitan farko da waɗannan tambayoyin, ku kuma kai hoton wajen wani likitan ƙashin na biyu ku ji ta bakinsa kafin ku tura wa kowa ko sisi.

Ummu_Sadiq:

Allah ya biya ku gaba ɗaya. Mama Hajiya_Mai_Goro maganarki ta hadisin nan ta sa Hajiya hawaye, tace a gaishe ki. Allurar gwiwar ta ƙarshe watan jiya aka yi mata, kenan dole ma mu jira. Na tura wa yayanmu duk bayanan nan, gobe in sha Allah zan kai ta gwajin sugan da na ƙoda, sannan mu nemi ganin likita na biyu da hoton.